Kuɗin Tiyatata a Wayar Wani Tsoho

Mantuwa ta ɗauke min abubuwa da yawa tun da yaƙi ya raba mu da Omdurman, har launin ƙofar gidanmu sai na yi tunani kafin in tuna. Amma abin da ya same ni a kasuwar Suk al-Shabi ina ɗauke da tsohon ciki, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina da 'ya ɗaya da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ga ciki na biyu ya tsufa. Mijina yana Saudiyya yana aikin gini, ni kuma ina zaune da mahaifiyarsa, wadda nake kira Hajja. Likita ta duba ni ta ce ɗan a gicciye ya kwanta, ba zai fito da kansa ba sai an yi tiyata, kuma kada mu bari naƙuda ta same mu a gida. Ni dama mai fargaba ce tun ina yarinya. Daga ranar nan kuwa, ko motsi ɗan ya yi sai in dafa ciki in ce ko yanzu ne.

Mijina ba ta banki yake aiko mana da kuɗi ba, don ta can albarkarsu a hanya take zubewa. Ta kirifto yake turowa, abin da mu mata muke kira dalar waya. Mai canji yana da mahfaza, wato lalita a cikin waya, kuma kowace mahfaza tana da wani hoto mai kusurwa huɗu, baƙi da fari kamar saƙar tabarma. Sai ka ɗauki hoton ka tura wa naka na waje, shi ya zuba kuɗin a ciki, mai canji kuma ya ba ka fam a hannu. Namu mai canjin wani dattijo ne Bahaushe, mai ɗan shago a Suk al-Shabi kusa da tashar motoci, wanda mijina ya sani tun shi mijin nawa yana karɓar kuɗin mota a tashar. Shi ya sa nake tsallake gada har Khartoum, ga masu canji birjik a unguwarmu. Dattijon ya manna hoton mahfazarsa a jikin gilashin teburi. Ni kuma saboda tsoro ba na yarda da hoton da ya kwana a wayata. Duk zuwa sai na ɗauki sabo, a ganina sabo ya fi tabbas.

Ranar da abin ya faru na tarar ba dattijon ba ne a shagon. Wani saurayi ne mai gilashin ido, waya biyu a hannu, mutane sun yi masa caa. Na tambaye shi ina dattijon, ya ce ya sayar masa da shagon, idanunsa sun ƙi, ya koma wajen 'yarsa. Aikin dai ɗaya ne, in ji shi, in ɗauki hoto in tura. Ya nuna min da leɓe, bai ko ɗago kai ba. Na ji a raina ya kamata in ce wanne, amma ga maza a tsaye suna jira, ni kuma karatuna bai wuce na allo ba, na ji kunyar a ce wannan ko hoto ba ta iya ɗauka ba. Na ga na jikin gilashi, wanda na saba, har da ɗigon shayin da ya bushe a gefensa. Na ɗauka na tura.

Na koma wajen wata mai shayi na zauna a kan ɗan benci ina jira. Can sai ga muryar mijina a waya, yana cewa ya tura duka, har da na magani da na jini ko da za a nema, kada in sa wa kaina damuwa. Duk abin da ya tara ne tun ranar da ya ji ina da ciki. Na tashi da murnata na koma shago. Saurayin ya duba waya ya ce ba abin da ya shigo. Muka jira, ya sake dubawa. Sannan ya karɓi wayata ya kalli abin da na tura, ya kalli gilashi, sai na ga ya cire gilashin idonsa ya ajiye. Nasa hoton ashe yana bango, wayoyin caji da ya rataye sun rufe rabinsa. Na jikin teburin na dattijon ne, bai samu ya kankare ba.

Na tambaye shi wane ofis zan je a mayar min.

"Wannan kuɗin ba shi da ofis, 'yar'uwa," ya ce. "In ya tafi ya tafi. Sai dai in wanda ya shiga mahfazarsa ya ga dama ya dawo da shi."

Ya kira lambar dattijon, a kashe. Ya yi ta ba ni haƙuri, yana malesh, malesh, har na ji kalmar ta fita raina. Mai shayin nan ce ta kamo hannuna ta zaunar da ni, ta ba ni ruwan sanyi, ta ce ita dai ta ji tsohon yana cewa 'yarsa tana garin Jabal Awliya, mijinta masunci ne. Iyakar abin da ta sani ke nan. Da na gaya wa mijina, bai yi faɗa ba. Ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Hajja kuwa da ta ji, ba ta ce uffan a kan kuskuren ba. Tambaya ɗaya ta yi, tsohon nan mutanen ina ne kakanninsa. Na ce na taɓa jin ana tsokanarsa da Bakano. Ta ce to, za mu same shi. Washegari da sassafe muka bar 'yata wajen maƙwabciya, ta yafa mayafinta na zuwa biki, muka kama hanya.

Ban taɓa sanin Jabal Awliya na da nisa ba sai ranar. Motar ta cika, kujerar da na samu a kan taya take. Muna wuce unguwar Alshajara da garejinta cikina ya ɗaure tam kamar an ja igiya. Na ƙanƙame ƙarfen kujerar gaba ina karanta duk abin da ya zo bakina. Abin da nake hangowa kawai shi ne ƙofar asibiti, a ce mana sai an biya, ga ɗa a gicciye. Hajja ta lura, ta ɗora tafinta a bayana tana shafawa, ta sunkuya tana yi wa cikin magana, wai ya yi haƙuri, kuɗinsa muka fito nema, kada ya ba mu kunya a motar haya. Har mutumin da ke gefenmu sai da ya yi dariya. Ɗaurewar ta saki.

Da muka sauka, ni da na yi niyyar mu bi shaguna muna tambayar mai canji. Hajja ta ce ba haka ake neman namu ba. Ta nufi inda mata ke gyaran kifi kusa da ruwa, ta saurara har ta ji masu Hausa, ta yi sallama ta zauna kamar ta zo hira. Aka shiga wa ya haifi wa, kakan wa ya taho da ƙafa a hanyar Makka bai koma ba, gidan su wa ke da suruki a Omdurman. Ni ina tsaye kamar a kan garwashi, su suna lissafa matattu. Amma kafin a gama kankare kifin da ke cikin daro, wata ta ce ai Bakanon nan mai yanar ido a bayan masallaci yake, ta tashi ta raka mu da wuƙarta a hannu.

Muka same shi a inuwa kan gadon igiya, taru a cinyarsa yana ɗinke hujojin da lalube. Ya rame, amma muryar na nan. Da na gaishe shi ya gane ni, ya ce ai matar yaron nan ce, mai ɗaukar hoto kullum kamar 'yar jarida. Na fara bayani kuka ya ci ƙarfina, Hajja ta ƙarasa. Bai yi mamaki ba. Ya ce jiya 'yarsa ta gaya masa wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya nuna kuɗi sun shigo. Ya cire layin tun da ya bar kasuwa, 'yar ce ke jona ta da tata tana tallan kifi. Ya ce mata wannan tsintuwa ce, kada kowa ya ko yi tunaninsu, kuma da asuba ya aiki wani direba ya yi cigiya a Suk al-Shabi. Ashe mun yi saɓani a hanya.

Amma fa ya ce tsintuwa ba a miƙa ta sai mai ita ya siffanta ta. In faɗi nawa ne, kuma yaushe suka shigo. Hajja ta ce kai da ba ka gani, shaidar me za ka duba? Ya tambayi ita kuma 'yar ina ce mai baki haka. Ta ce Zazzau. Ya ce shi ke nan, yau bayinsa sun kawo gaisuwa. Ta ce Bakano da kuɗin mutane a hannu, ai dole a biyo sawu da wuri. Daga shi har ita ba wanda ya taɓa taka Kano ko Zariya. Na faɗi adadin da lokacin, 'yar ta duba saƙon ta ce haka ne.

Na ɗauka an gama. Ashe mahfazar ba ta buɗewa sai da yatsansa, lambar sirrin kuwa ya ce ta bi idanunsa. 'Yar ta kama babban yatsansa ta ɗora, wayar ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Na kalli yatsan, zaren taru da gishirin kifi sun cinye shi, duk ya tsattsage kamar busasshiyar laka. Hajja ta sa aka kawo ruwan ɗumi aka jiƙa, aka goge, ta ƙi. Aka shafa man riɗi, abin ya ƙara lalacewa. Daga nan wayar ta kulle, ta ce sai an jira. 'Yar ta ce tana tsoron in aka matsa ta rufe gaba ɗaya. Ga kuɗina a tafin hannun mace ina kallo, ga mai mahfazar ya yarda, ga ciki ya sake ɗaurewa. Wannan zaman ya fi min na jiya ciwo.

Aka kira la'asar. Tsohon ya ce a ba shi buta, abin da ya gagara sai a kai wa Mai shi. Ya yi sallarsa a zaune nan gefenmu. Yana cikin tahiyar ƙarshe, ya ɗaga manuninsa, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci kuka yake. Yana sallamewa ya fashe da dariya, ya miƙo yatsan nan.

"Kun yi ta wahalar da bawan Allah a banza. Ni ban taɓa ba waya babban yatsa ba, wannan na dangwala wa hukuma ne. Na shahada na ba ta, don kada haram ta shiga."

Hajja ta ce a'a, ka ji Bakano, sai da ya sha man riɗinmu kyauta sannan ya tuna.

'Yar ta hura wa yatsan iska ta ɗora. Wayar ta buɗe. Ni ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba, ina dariya ina hawaye, ɗan kuma yana ta harbi ta gefe ɗaya.

Tsohon bai yarda a tura nan take ba. Ya sa aka kira saurayin shagon ta bidiyo, ya turo hotonsa, 'yar ta karanta haruffan farko da na ƙarshe da ƙarfi, shi ma ya karanta. Aka tura ɗan kaɗan tukuna, sai da ya ce ya gani, sannan aka tura masa sauran, mu je mu karɓi fam a hannunsa. Kafin a kashe, tsohon ya ce masa ya ɗauko reza yanzu yanzu ya kankare hoton nan, 'yarsa na kallo. Muka ji ƙarar rezar a jikin gilashi. Hajja ta kwance bakin mayafi za ta ba tsohon wani abu, ya ce in ta kuskura zai kai ƙararta wajen sarkin Kano. Da soyayyen kifi a leda ma suka sallame mu.

Ba a yi mako ba aka shiga da ni tiyata, a ranar da likita ta sa, ba a guje ba, ba da roƙo ba. Namiji ne. Yanzu haka yana tsakar gida yana faɗa da yayarsa a kan wayata. Tsohon nan ban san inda yaƙi ya jefa shi ba, ko yana raye. Ina sa shi a addu'a tare da iyayena.

Na sha jin masu ilmi suna cewa kuɗin nan ba ya buƙatar ka yarda da kowa. Ni dai abin da na gani, ranar da ya ɓace ba na'urar da ta dawo min da shi, tsoron Allah na mutum ɗaya ne, kuma ba kowace mahfaza ce ke da irin wannan mai ita ba. Don haka ban ƙara dogara da sa'a ba. Abin da ya kusa sa in rasa ɗana ba rashin karatu ba ne, kunyar tambaya ce. Yau ko layi ya kai bakin titi, ko mai shago ya tsuke fuska, sai na ɗora yatsana a kan hoton na ce, "Wannan ne naka? Duba da kyau." In ya ce e, in ce ya sake dubawa. Wasu har dariya suke min. Su yi ta yi.