Ranar da Baffa Ya Kira Ni da Sunan Mahaifina

Mun tashi daga Kaduna ana idar da sallar asuba, ni da wani abokin aikina, domin a shekarun nan na tashin bama-bamai tafiyar Kano sai da sammako. Shingayen bincike sun fi gidajen mai yawa. A Kwanar Dangora aka sauke mu, muka taka da ƙafa hannuwa a sama, direba yana binmu a hankali kamar mai rakiyar amarya. Kuɗin mota kuwa ya ninka.

Shekara uku rabona da Baffa, yayan mahaifina, baduku da ya tsufa a rumfarsa ta kasuwar Kurmi a Kano. An aiko mini cewa mantuwa ta kama shi, in ina son ya gane ni in hanzarta.

A mota na sake duba shirin rediyon da nake haɗawa kan tsufa. Bakin masana bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce a ƙarshen zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wata kariya, duk sanda ƙwaya ta rabu biyu sai kariyar ta gajarce, har rabuwar ta tsaya. Wasu sun ce ɓarna ce ke taruwa kaɗan-kaɗan kamar tsatsa, har ta fi ƙarfin gyara. Abokina ya ce shi dai shingen sojoji ne ke sa masa furfura.

An hana acaɓa, don haka a-daidaita-sahu ya ajiye mu a Shahuci. Muka sayi gurasa da zafinta, muka kutsa lungunan Madabo. A zaure na sami Baffa kan buzu, yatsunsa suna jan zaren da babu shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sai fuskarsa ta washe.

"Sani! Sai yanzu? Inna tana ta cigiyarka. Ka kulle rumfar?"

Sani mahaifina ne, ya daɗe da rasuwa. Aikina gyara kuskure kafin ya fita a iska, amma wannan ban gyara ba.

"Na kulle, Yaya."

Ya raba gurasar biyu, ya miƙo mini babban ɓangaren. "Ci, kai kullum a rame."

Bayan azahar muka kamo hanya don kada dokar hana fita ta ritsa da mu, muka iso gida lafiya. Na je ne don Baffa ya gane ni, bai gane ni ba. Amma na koyi cewa tsufa ba komai yake kwashewa ba: ya ɗauke masa ɗan ƙane, ya mayar masa da ƙanen. Ni ma rabin yini na samu ina zaune a inda mahaifina ke zama.