Irin Audugar da Ƙanin Mijina Ya Sayo

Shekarun baya, tun ina da haƙorana cikakku, noman auduga muke yi a wani ƙauye kusa da Damari, a bakin daji. Ba don tufafin gida kaɗai ba. In kaka ta yi, fatake ke ratsowa da jakuna su saya, su kai wa masaƙa a Birnin Gwari har gaba. Gandu na surukina ne, ni kuma ina da 'yar gayaunata can nesa, bayan rafi.

Wata shekara ƙanin mijina ya dawo daga kasuwa da taiki biyu na angurya, irin auduga. Wai iri ne na ƙasar Nufe, zarensa ya fi namu tsawo. Maza suka kewaye shi suna ta yabo.

Ni da nake gurzar auduga tun ina yarinya, hannuna ya san nauyin iri. Na ɗebo tafi guda, na ji shi sakayau. Na fasa ɗaya da haƙori. Tsutsa ce kwance a ciki, 'yar ƙarama, ja-ja. Na fasa wani, haka.

Na ce wa ƙanin mijin nawa, "Kai, irin nan da baƙi a cikinsa. A shanya shi a kan falalen dutse kwana uku, rana ta gasa shi, a cuɗa da toka, kafin ya taɓa ƙasa. Haka mahaifiyata ke yi."

Ya yi dariya. "Yaya, ke fa ko zuma aka ba ki sai kin nemo ɗacinta. Ki tsaya a mazari, ki bar mana gona."

Mijina kuwa cewa ya yi ruwa ya riga ya sauka, babu mai jiran kwana uku. Na ce, "To, za ku gani." Ban musa ba, na faɗa, kuma ban faɗa da murmushi ba. Allah bai yi ni da sakin fuska ba.

Suka shuka. Auduga ta tashi kyakkyawa, ta yi huda, ta ɗaure. Da lokacin fashewa ya zo, sai ƙwallayen suka ƙi buɗewa. Ka matsa ɗaya, ciki baƙi, ruɓaɓɓe, tsutsa na motsi. Gandu gaba ɗaya, har da gonakin maƙwabta. Tawa da ke bayan rafi, wadda na shuka da irin gida shanyayye, ta fashe fari fat.

Kuna tsammani cewa aka yi na yi gaskiya? Ina! Cewa aka yi bakina ne. Wai ni na ce za su gani, ga shi sun gani. A rijiya mata suka fara janye 'ya'yansu in na iso. Wadda muke kaɗi tare shekara da shekaru ta daina shigowa. Har na ji ana raɗa cewa gara a mai da ni gidanmu kafin in yi wa dawa baki ita ma. 'Ya'yana huɗu a gidan nan.

Ran Juma'a surukina na zaune a zaure da dattawa. Tun da aka kawo ni ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Na shiga rumbu na jawo ragowar taikin, na juye a faifai, na je na durƙusa.

"Baba, a gafarce ni. Irin nan bai taɓa gona ba, tun ranar da aka kawo shi yake ɗaure. A fasa a gani."

Babu wanda ya motsa. Sai na fara fasawa da kaina, ina jerawa a bakin tabarma, kowanne da tsutsarsa a ciki. A na bakwai ko na takwas haƙorina ya tsage, jini a baki, ban tsaya ba. Wani dattijo ya ɗauki dutse ya fasa nasa. Ya duba, ya miƙa wa surukina.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Tashi ki shiga gida, 'yata." Shi ke nan. Maganar mai da ni ta mutu, amma babu mahalukin da ya ce in yi haƙuri. Washegari aka tuge karan audugar aka ƙone.

Da bazara ta zagayo, wa zan gani a kan falalen dutse yana baza iri, yana koya wa mutane yadda ake cuɗa toka? Ƙanin mijina. Har yau a ƙauyen nan, in an shanya angurya, dabararsa ake ce mata. Ya rasu, Allah ya jiƙansa, na yafe masa dariyar. Ƙwace mini dabarar nan ne ban yafe ba. Jikokina ma sunansa suke kira, kuma duk wanda ya kira a gabana sai na zaunar da shi ya ji labarin tun daga farko.