Shayin La'asar na Baba

Babanmu ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wani Baturen Ingila. Turancin bai zauna masa a baki ba, amma shayin la'asar ya zauna daram. A gidan hayarmu na unguwar Nima, inda kowa koko da ƙosai ya sani, shi kaɗai ne mai butar tangaran. Sai ya ɗauraye ta da ruwan zafi, ya zuba ganye, ya rufe, ya jira. Madara ce ke fara shiga kofi, shayi ya biyo baya. Maƙwabta na kiransa Baturen Zango, shi ko a jikinsa.

Babbar dokar da ya kwaso daga gidan Baturen ita ce ba a shan shayi a tsaye. Ga shi mutum mai nauyin baki. Duk maganar da ke cin ransa ba ta fitowa sai an zauna, kofi ya yi rabi.

Yayana ya tafi Amurka nema a ƙarshen shekarun tamanin, ya daɗe bai leƙo gida ba. Lokacin da ya zo hutu, Baba ya riga ya fara ciwon da ya zama ajalinsa. Ana gobe zai sauka Baba ya ce mini, "Ina da magana da yayanki, in mun zauna."

Washegarin saukarsa da la'asar Baba ya haɗa shayi da hannunsa, ya sa na sayo burodi mai zafi. Yaya ya shigo yana gumi, abokansa na Maamobi suna jiransa a ƙofar gida.

"Baba, tii cikin wannan rana? Mu a can da ais muke sha."

Ya leƙa wajen maƙwabciyarmu mai sayar da ruwan sanyi ya karɓo ƙanƙara. Ya juye shayin a babban kofin roba, ba madara, ya matsa lemun tsami, ya zabga sukari. Ya miƙa wa Baba ya ɗanɗana. Baba ya kurɓa, ya ce ba laifi.

"Zauna mana," in ji Baba.

"Suna jira na ne, Baba. Gobe, in sha Allahu."

Ya fice da kofin a hannu yana sha yana tafiya. Na dubi butar, na ji kunya kamar ni aka yi wa.

Goben ba ta zo ba. Yau gaisuwa a Kotobabi, gobe sayayya a Adabraka, jibi ganin fili a unguwar Malam. Kuma ba rashin kirki ba ne, gaskiya. Ya sayi magani, ya canza kwanon ɗakin Baba da ke yoyo. A ƙasar da ya zauna shayi maganin ƙishirwa ne, a kwankwaɗa a wuce, bai san an mayar da shi wurin ganawa ba. Shi kuma tsohon, da taurin kansa, ya gwammace ya haɗiye maganar da ya faɗe ta a bakin ƙofa. Kullum la'asar sai ya haɗa, ya jira, shayin ya huce. Har yau ina jin haushinsu su biyun, kuma ina jin tausayinsu.

Ranar komawar Yaya, Baba ya lallaɓa ya raka shi bakin titi, ya sa masa albarka, bai ƙara komai ba. Da damina ta kama ya rasu.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya bugo waya shagon da ake karɓar kira, aka zo aka kira ni. Muryarsa ta dushe da kuka.

"Baba ya bar mini wata magana?"

"Akwai maganar da ya so yi da kai."

"Ta mece ce?"

"Ban sani ba, Yaya. Kai ya ajiye wa, ni ma bai gaya mini ba."

Bai ajiye wayar ba. Ina jin numfashinsa, mai shago yana duban agogo.