Gansakuka a Akwatin Anasara

Maigidana mushe ne, wato malamin boko, a lakwal ɗin Magariya, makarantar garinmu, kuma mutum ne da bai iya cewa a'a ba, ko da wahala aka miƙo masa. Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, wani anasara likitan dabbobi da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwatin gilashi na kiwon kifin teku. A amalanke aka kawo shi. A ciki akwai fararen duwatsu masu rassa, da wuri zube a ƙasa, da 'yan kifaye masu launi kamar atamfa. Wai ruwansu sai da gishiri.

Kifayen ba su daɗe ba suka mutu, don injin da ke ba su iska lantarki yake so, mu kuwa fitilar ƙwai gare mu. Na ce alhamdu lillahi, an huta. Ashe ban gama sanin mijina ba. Ya je tafki ya samo 'yan karfasa ya zuba, ya ɗaura tiyo a famfon kekensa, safe da yamma yana durƙushe gaban akwatin yana buga musu iska. Da gishirin anasara ya ƙare, sai ya koma jefa mangul, irin wanda ake ba shanu su lasa.

Daga nan gansakuka ta yi mana sallama. Da fari gilashin ne ya yi kore, sannan duwatsun suka tsirar da wani dogon gashi mai yauƙi yana kaɗawa cikin ruwa. In na kankare yau, jibi ya dawo ya fi na da. A tsakar gida akwatin yake, rana na dukansa, ba wanda ya gaya mana rana ce ke ƙara mata ƙarfi. Ni ce mai kankarewa, ni ce mai zubar da ruwa mai ƙarni, shi kuwa nasa famfo ne kawai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na aika wa maƙwabciyarmu tuwo, tsohuwar da duk unguwa ke kira Iya, aka dawo mini da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba. Ita ce fa ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, ina baƙuwa daga Dungas, ba uwa a kusa. Sai kuma mata suka daina shigowa ɗibar wuta. Mai kitso ce ta fasa mini ƙwan.

"Ke ba ki ji ba? Cewa ake mushe ya aje dodon kuɗi. Ga wuri, ga koren ruwa, ga shi yana durƙusa masa safe da yamma. Yanzu wai har gashi ya fito masa."

Na yi dariya a gabanta, na shiga ɗaki na sha kuka. Da maigida ya dawo na tare shi.

"Malam, ko akwatin nan ko ni."

"Haba, ilimi ne fa. Yaran lakwal nake so in nuna wa."

"To, Iya ba 'yar lakwal ba ce, kuma ta daina cin tuwona."

Nan take ya yarda a sayar da akwatin. Shi ma abin ya taɓa shi.

Na ce ba a ɓoye za a fitar da shi ba, don in aka yi haka cewa za a yi ɗaki muka sake masa. Ranar kasuwa dillali ya kawo wani mai sayar da agogo da turare daga tsallaken iyaka, yana neman abin jera kaya. Da hantsi muka ciccibo akwatin zuwa ƙofar gida, jama'a suka taru nesa-nesa. Mutumin ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce, "Gilashin nake so, ku riƙe ciyawarku." Yana yin tayin farko, maigida ya buɗe baki zai ce albarka, na ɗaga murya daga zaure: "Malam, sallama masa!" Dillali ya juyo ya dube ni kamar na yi saɓo.

Maigida ya kwashe karfasarsa a ƙwarya zai mayar tafki. Ni kuwa na kifar da ruwan a bainar jama'a, na yagi gansakukar da hannuna na watsar. Ƙanshin mangul ya jawo awakin Iya, suka rufar wa gashin dodon suka cinye shi tas, har suna lasar ƙasa. Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Iya na tsaye a bakin ƙofarta tana kallon awakinta, ta juya ta shige.

Na wuni ban iya cin komai ba. Bayan la'asar na ji sallamarta. Ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Kai, yau ana zafi. 'Yar nan, ba ni ruwa."

Na ɗebo daga randa a moɗa na ba ta. Ta shanye, ta miƙo mini moɗar ta ce in ƙaro.