Dutsen da Tahiru Ya Kayar a Bayan Hirafok

Tahiru mutumin Mirriya ne, ɗan mai haƙar rijiya. Da ƙarar ƙarfe a kan dutse aka yi masa reno. Shekarar da gero ya ƙi, ya hau mota zuwa Tamanrasset ta Aljeriya da gudumarsa a buhu. Ba a jima ba magina suka san shi: in ana son dutsen harsashin gini, shi ake kira. Hannunsa na dama shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa.

Wata safiya mai aiki ya sauke shi da abokinsa Salifu, mutumin Maraɗi, a wani kwari bayan ƙauyen Hirafok, ya ce su tara duwatsun katangar lambu. A kan tudu suka tarar da duwatsu jibge a zagaye, a tsakiyarsu wani baƙin dutse tsaye, ya fi mutum tsawo, iska ta lashe shi sumul.

"Allah ya hutar da mu," in ji Salifu. "Wani wawa ya tara mana ya yi gaba."

"To kwashi ƙananan, ɗan Maraɗi, daidai ƙarfinka. Bar ni da babban," in ji Tahiru.

A garin su Tahiru kabari ƙasa ce da fasasshiyar tukunya, bai taɓa ganin na dutse ba. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga guduma. Dutsen ya yi kuka kamar ƙararrawa, Tahiru ya yi ta bugu har dutsen ya tsage daga ƙugu, ya faɗi.

Sai ihu ya tashi. Wata tsohuwar Buzuwa ce ta fito daga cikin awaki, tana dukan ƙirji. Bayanta maza uku a guje. Na gaba, Illo, ɗanta ne, ya zauna Agadas, yana jin Hausa. Bai yi sallama ba. Sanda ta sauka a bakin Tahiru, haƙora suka zuba a yashi. Salifu ya taso, aka tare shi da dutse a goshi, ya kife.

"Kabarin mutanen farko ne, kare!" in ji Illo. "Tun kafin Musulunci yake tsaye. Nan uwata ke aza kai ta yi barci, a nuna mata a mafarki yayana da ya tafi Libiya bai dawo ba. Yanzu wa zai gaya mata?"

"Wallahi ban sani ba," in ji Tahiru, jini na cika masa baki.

"Wane hannu ya buga?" in ji Illo.

Ba su jira amsa ba. Biyun suka danne shi, suka shimfiɗa hannun daman a kan kututturen dutsen. Illo ya ɗauki gudumar. Tsohuwar ba ta dube su ba, tana durƙushe tana shafa guntun da ya faɗi, tana kiran wani suna.

"Ɗan'uwa, da hannun nan nake ci!" in ji Tahiru.

Tahiru ya ga kan ƙarfen ya hau sama ya rufe rana. Ya san saukarsa fiye da kowa. Ya fizgo na hagu daga ƙarƙashin gwiwar mai danne shi, ya kifa shi a kan na dama.

Ƙarar ba ta kai ta dutse ba. Illo ya dubi abin da ya yi, ya yar da gudumar, ya ja uwarsa suka tafi.

A asibiti aka yanke abin da ya rage na yatsun hagu. Ya ce dutse ne ya faɗo masa, don wanda ba shi da takardu ba ya zuwa wurin jandarma. Na daman ya kumbura wata guda, ya sabe.

Har yau yana fasa dutse, da ƙaramar guduma, hannu ɗaya. Salifu ke riƙe masa ƙarfen tsagawa, yana runtse ido.

"Duba da kyau, ɗan Mirriya," yakan ce. "Nawa yatsun biyar ne, kuma ina son su."