Yatsun Orval Tackett

Orval Tackett wan matata ne, kuma tun ranar aurenmu jininmu bai haɗu ba. Tsohon mai walda ne a ƙauyenmu na jihar Idaho ta Amurka, mai wuya kamar na bajimi, ba ya auna namiji da komai sai faɗin harsashin ƙaramar bindigarsa. Shi mai lamba arba'in da biyar yake riƙewa, harsashi kakkaura. Ni da nake da mai lamba talatin da takwas, ko a kan tebur ana cin gasasshen nama sai ya ce tawa ta korar ɓera ce, wai da ƙanwarsa ta nemi shawararsa da ba ta auri mai jifa da tsakuwa ba.

Wata Asabar a filin harbi, Lurleen Haskins, bazawarar da ke tuƙa motar 'yan makaranta, ta zo da mai lamba uku-biyar-bakwai. Faɗin harsashinta ɗaya da nawa, albarushinsa ne ya fi yawa. Orval ya yi mata dariyar raini, ya jera katakai biyu-biyu har tuli, ya ce a gwada. Nasa ya maƙale a tsakiya. Nata ya huda ya wuce.

"Kauri daban, ƙarfi daban, Orval. Kai ma dubi tumbinka," in ji ta.

Har mai filin sai da ya dara. Orval ya tattara kayansa ba sallama.

Da ma da kansa yake ɗura harsasansa a garejinsa. A makon nan ya riƙa danna wa kwanson albarushi fiye da kima. Matata ta matsa mini na je na ce masa ƙarfe ma yana da iyaka.

"Mai ɓera, fita mini daga gareji," ya ce.

Asabar ta zagayo, ya kira kowa ya zo kallo. Yana jan kunama bindigar ta tarwatse a hannunsa. Lurleen ce ta ɗaure masa dantse da bel ɗinta, ni na kai shi asibiti yana zagina a hanya wai ba na gudu. Babban yatsa da manuni suka tafi.

Bai gode wa kowa ba. Da aka sallame shi ya bi gari yana cewa Lurleen ce ta yi masa magana yana saiti. Mai filin ya hana shi shiga. Kafin ƙanƙara ta sauka ya sayar da gidansa ya koma wurin 'yarsa a birnin Boise, matata kaɗai ta je taya shi ɗaure kaya.