Ramin Yashin Baba Sifana

Kafin ya buɗe ƙofar gareji, kafin ma ya kurɓi shayinsa, Baba Sifana yakan ɗauki shebur ya zagaya baya. Akwai wani rami can, faɗinsa bai fi ɗaki biyu ba, cike da yashi mai laushi da shi kansa ya sa aka zubo shekara ashirin da shida da suka wuce. Sai ya burkuta shi, ya baje, ya tsince ƙusoshi, sannan ya dawo ya jera sifanoninsa a bango daga ƙarama zuwa babba. Aikinsa shirya motocin masu doguwar tafiya ne, waɗanda ke barin kwalta su nausa inda babu hanya, babu gari, babu mai jin ka ko ka yi ihu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin. Hannunsa na dama ya fara rawa, noti yana suɓuce masa, kuma mai filin ya riga ya ba wasu masu sayar da kayan ƙawata mota wurin. Bai kamata mutum irin wannan ya tafi shiru ba.

Masu irin wannan tafiya, Allah ya shirye su, suna da ciwon saye-saye. Mutum zai zo da tanti mai buɗewa a saman mota, da firij, da faifan sola, da fitilun da za su haske filin ƙwallo, da injin igiya mai jan mota in ta kafe. Ya ce a ɗaga masa motar sama, a sa manyan tayoyi masu haƙora. Baba ba ya musu. Yakan ɗaura komai daram, ba ka jin ko ƙaras. Amma in an gama, ba ya miƙa makulli a bakin ƙofa. Sai mai motar ya shigar da ita ramin yashi, Baba ya sace iskar tayar baya, ya koma kan benci ya harɗe hannu. Mai mota da kansa zai canza tayar, da kayan da ke cikin motarsa kaɗai.

Masu shagunan kusa har yau suna ba da labarin wani ɗan kasuwa mai ƙaton tumbi.

"Haba Baba, ni fa ba motsa jiki na zo ba. Ina da direba."

"Direba yana zazzaɓi, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Durƙusa."

Ya durƙusa yana ƙunƙuni. Ya murɗa jak har ƙarshe, jak bai ko taɓa cikin motar ba, domin an ɗaga ta, shi kuwa jak ɗin na da ne. Da ya sa dutse a ƙasa, dutsen ya nutse cikin yashi. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, kayan alatun nan duka suna kallonsa. A ranar ya tafi da dogon jak da faffaɗan katako, bai ko yi sallama ba don haushi.

Shugaban wasu masu haƙar rijiyar burtsatse ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa tayarsu ta fashe a inda suka yi kwana ɗaya da wuni ba su ga mutum ba, kuma katakon Baba ne ya dawo da su su shida. Wata malamar asibiti da ke kai allurar rigakafi nesa ta ce a ramin nan ta fara riƙe sifana a rayuwarta. Amma masu godiya ba su kai masu fushi yawa ba. Da dama sun ce tsohon yana da taurin kai, suka koma garejin da ake wanke mota a miƙa makulli da murmushi. Baba yana gani, abin yana cin ransa, bai sassauta ba. Baba Sifana, kai ne makanikin da ya gwammace a tafi ana zaginsa, in dai za a dawo.

Dalilin kuwa matarsa kaɗai ta sani. Baba yana da ƙane, direba, mai kai wa ma'aikatan awon ƙasa kaya. Baba ne da hannunsa ya ɗaga masa mota, ya sa masa sababbin ƙarafan taya masu zurfin ramin noti. Ya ɗaure su da sifanar gareji, siririya. Bai tuna ya gwada tsohuwar sifanar da ke cikin motar ba, wadda bakinta ya yi kauri, ba ya shiga ramin. Ƙanen ya tafi shi kaɗai, taya ta fashe masa a tsakiyar daji. Bayan kwana biyar aka sami gawarsa a inuwar motar, ruwansa ya ƙare, sabuwar tayar canji tana kwance kusa da shi ko ƙwarzane babu. A hannunsa akwai sifanar, gefe guda ya yi fes, don ya yi ta goga ta a kan dutse ko za ta sirance. Dangi suka ce kwana ne ya ƙare. Baba ya naɗe sifanar a tsumma ya ɓoye. Ya ɗauki 'yar marigayin mai shekara biyu ya riƙe, ya sa aka zubo yashi.

Yarinyar nan yanzu likitar dabbobi ce. A farkon watan nan ta shigo garejin da motar da ta saya don aikinta na cikin daji, fuskarta cike da fara'a. Ta tara kaya ita ma: tanti, jarkoki, firij na ajiye magani. Tayoyin kuwa wani wuri ta kai aka sa mata, don kada ta wahalar da hannun baffanta. Baba ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ramin notin, ya ga mai zurfi ne irin na motar ƙanensa.

"Shigar da ita baya," ya ce.

"Baffa, har ni?"

"Ke ce ma kan gaba, 'yata."

Ta shigar, ta ɗauko sifanarta, ta kai bakin noti. Ta ƙi shiga. Ta juya ta, ta buga da tafin hannu, ta ƙi. Sai ta fashe da dariya.

"Baffa, zo ka ga abin kunya! Kaya cike da mota, amma taya ɗaya ta gagare ni."

Da ta waiwayo, ba ya kan benci. Ya fito daga ciki riƙe da wani abu naɗe a tsumma. Tun tana ƙarama yake tsoron ranar nan, tsoron ta ji ta daina kiransa Baffa. Ya kwance tsumman ya ajiye a kan yashi.

"Ta mahaifinki ce. Ni na sa masa tayoyin. Ni ne ban gwada ba."

Ta daɗe tana shafa gefen da dutse ya cinye. Ta tashi ta zaro siririyar sifana daga bango, ta canza tayar ita kaɗai, ta jefa sifanar cikin mota, ta ja ta fita. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Kwana goma sha ɗaya Baba yana baje yashi da safe, yana zama kan benci yana kallon titi. Abinci ya ƙi shiga. Matarsa ta ce ya buga wa yarinyar waya, ya ce inda take babu sabis, kuma ko akwai, me zai ce? Ranar sha biyu da hantsi motar ta tsaya a ƙofa, taya guda a yage ɗaure a bayanta. Likitar ta sauko, ta rame, leɓenta ya tsage. Ta tsaya nesa kaɗan da shi.

"Na dawo, Baffa."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma har yau ba ta sake tayar da zancen ba. Ko ta yafe, ko tana kan hanya, ita ta sani. Shi dai ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka irin na manya, mara sauti, don shekara ashirin da shida yana jiran wani daga gidan ƙanensa ya ce masa "na dawo".

Baba Sifana, mai ramin yashi, mun gode. Kai ne ka ɗauki kuskure ɗaya ka goya shi har tsufa, ka hana shi shiga gidan kowa. Sababbin masu filin sun ce siminti za su zuba a ramin, su jera fitilu da tantuna don masu saye, kuma babu mai hana su. Ya rage ga ku masu gareji da ku masu tafiya. In an gama ɗaura kayan nan masu ƙyalli, kada a miƙa makulli tukuna. A sace iskar taya ɗaya, a sa mai motar ya durƙusa ya kwance ta, tun yana inda akwai ruwan sha.